Ruwan damana a cikin dokin ƙofar mota: ɓarnar da ido bai gani

Duk magidanci a Tasawa ko Mayahi ya san aikin da ke jiran shi idan bazara ta kama: ya hau soro, ya share indararo, ya toshe tsaga da yaɓe, tun hadarin farko bai taso daga gabas ba. Amma magidancin nan, ɗan kasuwa ne ko ma'aikacin gwamnati, da wuya ya tuna cewa motar da ke kwana a ƙofar gidansa ita ma tana da nata indararo, wanda in ya toshe, ruwa ba shi da wurin zuwa sai cikin ƙarfe.

Alamar farko kunne ke jin ta. Kwana biyu bayan an ɗauke ruwa, direba zai taka birki, sai ya ji wani abu yana kacal-kacal a ƙarƙashin ƙofa, kamar an ɗauko tulun da bai cika ba. Daga nan shimfiɗar ƙasa ta jiƙe, warin ruma ya cika mota, gilashi ya riƙa yin hazo da safe. Ran da fenti ya fara kumbura ta waje, to tsatsa ta daɗe tana ci daga ciki.

Mene ne dokin ƙofar mota?

Shi ne dogon ƙarfen nan da ake ƙetarewa in za a shiga mota, wanda ya miƙe daga bayan tayar gaba zuwa gaban tayar baya, ɗaya a dama, ɗaya a hagu. Cikinsa rami ne, don fallen ƙarfe ne aka lanƙwasa aka haɗa da walda. Masu ƙera mota sun san ruwa zai shiga, shi ya sa suka bar ƴan ƙananan kafofi a ƙasansa, da kuma a gindin kowace ƙofa, don ya tsiyaye.

A mota mai rufin ƙarfe, rufi da ginshiƙansa suna taya riƙe jikin motar. A mota mai rufin tanti da ake naɗewa kuwa, wadda ake ce ma dekapotabul, irin Peugeot 504 mai buɗaɗɗen kai da ta fito a 1969, mafi yawan wannan nauyi a kan dokin ƙofa da daɓen mota yake. Idan ya ruɓe, jikin motar zai saki, ƙofa ta daina rufuwa daidai, ranar hatsari kuma babu abin da zai kare na ciki.

Irin wannan mota ba ta da yawa a gundumomin nan biyu na jahar Maraɗi, amma ƴan uwanta sun cika hanya. Shekaru da yawa Peugeot 404 da 504 masu tanti a baya, waɗanda aka sani da bashe, su suka yi jigilar gero da wake da mutane zuwa kasuwannin ƙauye, kamin ƙananan a-kori-kura na Toyota su karɓe su. Tantinsu in ya lotsa yana tara ruwa, ya zubo da shi bayan kan mota, daidai ƙarshen dokin ƙofa. Akwai kuma tsofaffin motocin Turai masu taga a rufi, waɗanda suka yawaita ta tashar jirgin ruwa ta Kwatano a shekarun 1990, musamman bayan karyewar darajar kuɗin sefa a watan Janairu na 1994, lokacin da sabuwar mota ta fi ƙarfin ma'aikaci. Tagar nan tana da magudana a kusurwoyinta, da siraran tiyo da ke bi ta cikin ginshiƙai su kai ruwa ƙasa. Da yawa daga cikin motocin sun iso da tsatsarsu, saboda gishirin da ake watsawa a titunan Turai lokacin ƙanƙara.

Laifin rairayi ne, ba na ruwa ba

Ruwan da ke sauka a wannan yanki bai cika wuce milimita 500 a shekara ba, amma cikin wata uku zuwa huɗu yake zuba, mafi yawa a Agusta. Milimita 1 a kan fili mai mita 1 tsawo da mita 1 faɗi lita 1 ke nan. Ke nan ruwan dare ɗaya mai milimita 40 a kan rufi mai mita 2 da mita 1 ya kai lita 80, wato jarka 4 masu cin lita 20. Mafi yawansa zai gangare ta gefe, saura kuwa dole ya bi magudanar mota.

A nan matsalar take. Tun daga kaka har bazara, ƙurar hunturu da rairayin hanyoyin jigawa, da busassun ganyen bedi da ake ajiye mota a inuwarsa, suna taruwa a cikin kafofin nan. Ruwan farko ya mai da su laka, rana ta busar da ita ta yi tauri kamar tubali. Wanda ke ƙetare Gulbin Kaba a wajen Mayahi, ko ke kutsawa cikin ruwan da ke kwanciya a bakin tabkunan garin Tasawa, ta ƙasa ma taɓo ke shigar mashi. Wani lokaci kuma mai gyaran jikin mota ne ke shafe kafofin da mastik da fenti, yana zaton ramin tsatsa ne. Rashin sani, in ji Hausawa, ya fi dare duhu.

Yadda ake zubar da ruwan

Da farko a tsai da motar a gangare, ko a hau da tayoyin gaba a kan tudu, don ruwan ya koma gefe ɗaya. Kada a kafa jak a ƙarƙashin dokin ƙofar da ake shakkar ƙarfinsa, don yana iya ɓurmawa, kuma kada kowa ya shiga ƙarƙashin motar da jak kaɗai ke riƙe da ita.

Sai a bi ƙasan ƙarfen da hannu, inda fallayen suka haɗu, a nemo kafofin, a soke su da siririn tsinke. In akwai marfin roba a cire shi har ruwan ya ƙare. Tiyon rufi kuwa, da na kwaroron da ke bayan kujeru inda tanti ke naɗewa, abu mai laushi ake zura masu a hankali, kamar igiyar roba mai kauri. Waya mai tsini tana huda su. Haka iska mai ƙarfi ta wurin mai faci tana iya fizge tiyo daga mazauninsa, ruwa ya koma zuba cikin mota.

Bayan nan a gwada: a zuba ruwa buta ɗaya a magudanar sama, a duba ko ya fito a ƙasa kusa da taya. In bai fito ba, aiki bai ƙare ba. Sai a ɗaga shimfiɗar ƙasa, a buɗe ƙofofi, a bar motar ta wuni a rana, domin wayoyin lantarki ta gefen dokin ƙofa suke bi, wasu motocin zamani kuma a ƙarƙashin kujera na'urorinsu suke. Idan ciki ya bushe ƙayau, a fesa man hana tsatsa ta kafofin, a tabbata bai sake toshe su ba. Inda ƙarfe ya riga ya ruɓe, mastik ba magani ba ne, sai an yanke an yi waldar sabon falle.

Ga ɗan kasuwa, motar nan jari ce. Ga ma'aikaci, ajiyar shekaru ce ko bashin da bai gama biya ba. Share kafofinta bai wuce aikin rabin sa'a ba, sau ɗaya a watan Mayu, sau ɗaya a tsakiyar damana. Ranar da aka hau soro duba indararo, ranar ce ta dace a durƙusa a duba na mota.