Jiki Magayi: Asirin da Mai Karatu Ya Sani, Mai Shi Bai Sani Ba

A shekarar 1933 ne Dokta Rupert East, shugaban ofishin fassara na Zariya, ya sa gasar rubuta labarai da Hausa. Littattafai 5 suka fito daga wannan yunƙuri, watau Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, da Ganɗoki na Bello Kagara, da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, da Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo, sa'an nan Jiki Magayi, wanda John Tafida mutumin Wusasa ya rubuta tare da shi East ɗin. Na ƙarshen nan mu ke so mu yi wa malamai da akawuna magana a kansa, domin a ganinmu ba a ba shi haƙƙinsa ba.

Sauran 'yan'uwansa sukan ɗauki mai karatu su kai shi nesa. Ganɗoki ya shiga ƙasar aljannu, Shaihu Umar ya ƙetare Hamada. Shi kuwa wannan, mutanensa namu ne, abin al'ajabin da ke cikinsa ma namu ne, ba aro aka yi daga Dare Dubu da Ɗaya ba. Ga Malam Shaihu, attajirin garin Galma, dukiya ta taru amma ba magaji. Ga Zainabu da saurayinta Abubakar, sun riga sun yi alkawari. Attajiri ya sa rai ta wurin yarinyar nan zai sami ɗa, ya shiga tsakani, aka ɗaura masa aure da ita. Abubakar ya rantse sai ya rama. Ya faɗa daji neman boka, ya sha wuya ba kaɗan ba, ya komo da maganin da zai lalata yaron da aka haifa, wanda a ke kira Kyauta. Yaro ya tashi ɓarawo, ya bar gida, har ranar da ya shiga sata ya kashe ubansa bai san shi ne ba.

Turawa suna da irin nasu labarun bincike, kamar na Sherlock Holmes da Conan Doyle ya fara fitarwa a 1887. A can mai karatu a ke ɓoye wa mai laifi, sai shafi na ƙarshe. A nan an juya abin. Mu mun san wanda ya yi sammu, mun san dalilinsa, muna kallon Kyauta yana tafiya cikin duhu, shi kaɗai ne bai sani ba. Wannan ya fi tayar mana da hankali, gama ba yadda za mu yi mu kira shi mu ce ya tsaya.

To, amma fa malamin da zai karanta wa yara littafin nan a ƙasar Kiru ko Bebeji, balle Tudun Wada da Doguwa, sai ya yi shiri. Ɗan birni yana jin dajin da Abubakar ya shiga kamar tatsuniya. Yaron da garinsu ke bakin dajin Falgore, wanda ya san maharba da layunsu, ya kuma ji ana cewa an yi wa wane sammu, ba zai ɗauke shi tatsuniya ba. In aka bar shi da kansa, abin da zai fito da shi shi ne, ɓarawo ba shi da laifi, hannu aka sa masa. Daga nan kuwa zargin maƙwabci da kishiya ba shi da nisa, kuma alƙalai sun san irin ƙarar da ke biyo bayan wannan.

Mu dai da muka sake karantawa, ba mu ga boka ne tushen masifar ba. Kafin a je wurinsa an riga an raba yarinya da wanda ta ke so saboda kuɗi, manya suna kallo. Sa'an nan Kyauta ɗa ne da aka daɗe ana jira, irinsu kuwa kowa ya san ba a cika tsawata musu ba. Da a cire maganin daga labarin, anya yaron zai shiryu? Wannan tambaya ta isa a ba 'yan aji su yi muhawara a kanta, kuma mun fi son ta da tambayar nan ta kullum, wai a kawo sunayen mutanen da ke cikin littafi.

Yana da aibi. Bayan an ja tafiyar Abubakar, sai aka bi ta kan rayuwar Kyauta da gaggawa, Zainabu kuwa, wadda duk abin a kanta ya faɗa, ba a bar mu mun ji zuciyarta sosai ba. Ɗan ƙaramin littafi ne, mai karatu da sauri ya gama shi dare ɗaya. Wanda zai karanta a aji, shawararmu ya tsaya daidai inda Kyauta ya shiga gidan nan da dare, ya rufe littafin, ya bar sauran sai gobe.