Kujerar Inji: Yadda Ake Canza Robar da Ke Ɗauke da Injin Tsohuwar Mota a Figil

1.0 Gabatarwa

Figil gari ne da ke gundumar Mayo-Luti a Yankin Arewa na ƙasar Kamaru, kimanin kilomita 90 arewa da Garwa, a kan babbar hanyar da ta nufi Marwa. An san garin da masana'antar siminti ta kamfanin CIMENCAM, wadda take aiki tun farkon shekarun 1970. Saboda haka manyan motoci ba sa yankewa a wannan hanya. A tsakaninsu kuwa akwai ƙananan tsofaffin motoci masu jigilar mutane da kaya zuwa kasuwannin ƙauye, irin su Toyota Starlet da Fijo 504. Ga mai irin wannan mota, ita ce gona, ita ce rumbu. Ranar da ta kwana a gareji, tukunyar gida ma sai ta ji a jikinta.

Wannan takarda za ta yi bayani a kan wani ɗan ƙaramin ɓangare na mota da ba a cika kula da shi ba, wato robar da inji yake zaune a kanta. Za a duba aikinta, da dalilin lalacewarta, da yadda ake canza ta. Har ila yau, ɗalibi zai ci karo da kalmomin da ake amfani da su a gareji.

2.0 Mene Ne Kujerar Inji?

Ba a ɗaure inji kai tsaye a jikin mota, ƙarfe da ƙarfe. Akan sa wani abu a tsakani, wanda za a kira shi kujerar inji a wannan takarda. Kujerar ta ƙunshi ƙarfe biyu, ɗaya a jikin inji, ɗaya a jikin mota, sai kuma roba mai kauri da ta raba su. A wasu motoci robar curi ce mai kama da sabulu. A wasu kuma an zuba ta ne a cikin zoben ƙarfe, da ɗan bututu a tsakiya inda dogon noti yake ratsawa. Wannan nau'i na biyu shi ake kira bushin.

Sunan abin ya danganta da inda makanike ya koyi aiki. Wanda ya koya a Kano ko Yola zai ce injin sit ko bushin, daga Ingilishi. Wanda ya koya a Garwa ko Marwa kuwa zai ce silanbulok, daga Faransanci. Haka abin ɗaga mota: jak ne a Nijeriya, kirik ne a Kamaru da Nijar. Da yake Figil ba ta da nisa da iyakar Nijeriya, yana da kyau ɗalibi ya riƙe sunayen duka biyu.

Aikin robar iri uku ne. Na farko, ita ke ɗauke da nauyin inji da giyabos, wanda ko a ƙaramar mota yakan kai kilo 100. Na biyu, ita ke shanye karkarwa. Inji mai silinda huɗu yana tashin wuta sau biyu a kowane juyi ɗaya. Ke nan idan mota tana tsaye, inji yana juyi 800 a minti, wuta tana tashi sau 1,600 a minti, wato kusan sau 27 a daƙiƙa guda. Ba don roba ba, da duk wannan bugu ya shiga jikin mota da na fasinja. Na uku, ita ke hana inji murɗawa. Duk lokacin da direba ya saki kuloci, inji yakan yi yunƙurin juyawa ɓangaren da ya saɓa wa juyin da yake tura taya, sai kujera ta riƙe shi.

Wannan dabara tana da tarihi. A 1844 Charles Goodyear na Amurka ya sami rajistar hanyar dafa roba da farar wuta don ta yi ƙarfi, ta daina narkewa da zafi. A 1931 kamfanin Chrysler ya fito da motar Plymouth wadda injinta yake zaune a kan roba, sannan a 1932 kamfanin Citroën na Faransa ya sayi izinin amfani da wannan tsari.

3.0 Abin da Ke Kashe Roba

Abokan gabar roba uku ne, kuma duk suna nan a yankin Figil. Na farko zafi. A watannin Maris da Afrilu zafin Garwa da kewayenta yakan haura digiri 40, ga kuma zafin injin kansa. Roba takan bushe, ta yi tauri, ta tsattsage kamar ƙasar fadama da rani. Na biyu baƙin mai. Tsohon inji ba ya rasa yoyo, kuma idan mai ya daɗe yana ɗiga a kan roba sai ta kumbura, ta yi laushi, ta rabu da ƙarfenta. Na uku hanya da lodi. Ramukan da damina take bari a hanyoyin ƙauye, da buhunan da ake laftawa, suna sa inji ya yi ta tsalle a kan kujerarsa.

Ga kuma shekaru. An daina ƙera tsohon samfurin Starlet a 1999, saboda haka ko autarsu ta haura shekara 25. Robar da ta yi wannan daɗewa ta gama biyan bashinta.

4.0 Alamomin Lalacewa

Direba ba ya ganin robar, jin ta yake yi. Shi ya sa bayaninsa yakan cika da kalmomin amsa-kama. Ga misalin irin hirar da akan yi a gareji:

Direba: Sannu da aiki, Maigida. Motar nan ta hana ni sakat.
Makanike: Sannu Malam. Me take yi?
Direba: In na saki kuloci sai in ji gwaram a gaba. In tana tsaye kuma sitiyari ya dinga rawa kar-kar-kar.
Makanike: In ka sa ribas fa?
Direba: Nan ma sai ta buga ƙwal.
Makanike: To, buɗe bonet mu gani. Da alama kujerar inji ce ta zauna.

A lura da kalmar zauna a nan. Ma'anarta ita ce robar ta lotse, har ƙarfe ya kusa taɓa ƙarfe.

Makanike yakan tabbatar da zarginsa ta hanya biyu. Yakan sa direba ya ja birkin hannu, a tare tayoyi da duwatsu, ya sa giya ta ɗaya, ya ɗan saki kuloci kaɗan, sannan ya maimaita da ribas. Shi kuma yana tsaye a gefen mota, ba a gabanta ba, yana kallon inji. Lafiyayyar kujera takan bar inji ya ɗan motsa kawai. Idan ya ɗaga sama sosai ya faɗo, roba ta tsinke. Bayan an kashe mota kuma, yakan sa dogon ƙarfe ya ɗan banƙara kujerar don ya ga tsaga.

Kyale wannan matsala yana da tsada. Injin da ke yawo yakan tsinke tiyon lagireto, ya karya salansa, ya wahalar da shaf, wani lokaci ma giya ta riƙa fita da kanta. A irin su Fijo 504 fanka tana iya taɓa lagireto ta huda shi. Akwai kuma haɗari ga rai. A 1971 kamfanin General Motors na Amurka ya nemi a mayar da motocin Chevrolet fiye da miliyan 6 don gyara, saboda idan kujerar ta tsinke inji yakan ɗaga ya ja totur, mota ta ƙara gudu ba da nufin direba ba.

5.0 Yadda Ake Canzawa

Bayanin da ke tafe ya fi dacewa da Starlet da aka ƙera daga 1984, mai jan gaba, wadda injinta yake kwance a gicciye. Kayan aiki su ne jak, da katako mai faɗi, da sifanu, da dogon ƙarfe, da matsi, da ruwan sabulu.

Da farko a ajiye mota a wuri mai ƙarfi kuma miƙaƙƙe, a tare tayoyi, a bar inji ya huce, a cire kan batir. Sai a sa jak a ƙarƙashin kaskon mai, tare da katako a tsakani, domin jak tsirara yakan lotsa kasko. A ɗaga kaɗan, daidai yadda nauyin inji zai bar kujera. Wanda ya zarce haka zai tsinke tiyo da wayoyi. A jera wasu katakai a gefen jak don ko da ya zame. Ba a taɓa sa hannu tsakanin inji da jikin mota alhali jak kaɗai ne ke riƙe da shi.

Bayan haka a kwance dogon notin tsakiya, sannan notocin da suka riƙe ƙarfen kujera, a fito da ita. Kujera ɗaya ake cirewa a lokaci guda, sauran suna riƙe da inji. Kafin a fitar da tsohon bushin, a yi alama a jikin ƙarfe da alli. Dalili kuwa shi ne yawancin bushin suna da ramuka a cikin robarsu, kuma an tsara ramukan ne su fuskanci wani ɓangare na musamman. Idan aka sa sabo a karkace, ba zai shanye karkarwa yadda ya kamata ba, ba kuma zai daɗe ba.

Ana tura tsohon bushin waje da matsi da guntun bututu mai faɗin zobensa. Idan ya ƙi, sai a yanke robar, a tsaga zoben da zarto a hankali. Wasu sukan ƙone robar da wuta don sauri, amma zafi yana iya raunana ƙarfen. A goge tsatsa, a daidaita sabon bushin da alamar alli, a matsa shi ciki a miƙe. In ana bukatar santsi, ruwan sabulu ake shafawa. Baƙin mai a nan kamar ba wa kura ajiyar nama ne.

Mataki na ƙarshe shi ne wanda gaggawa take ɓatawa. A mayar da kujera, a ɗaura duk notoci da hannu, kada a ƙulle su tukuna. Sai a sauke jak, inji ya zauna da dukkan nauyinsa, a ɗan girgiza shi ya sami wurin zama, sannan a ƙulle notoci tam. Idan aka ƙulle notin tsakiya alhali inji yana rataye, da zarar an sauke shi robar za ta kasance a murɗe dare da rana, ko mota tana ajiye. Irin wannan roba takan tsage tun ba a je ko'ina ba, sai a ɗora laifi a kan mai sayar da kaya. Daga nan a toshe yoyon man da ya kashe ta farko, kuma a sake duba notoci bayan tafiyar 'yan kwanaki.

6.0 Sabuwa, Ta Hannu, ko Ta Taya?

Kayan gyara sukan iso Figil daga Garwa ko Marwa, ko daga ƙetaren iyaka ta wajen Mubi. Mai mota yana da zaɓi uku. Sabuwar roba ta fi, in dai ta ƙwarai ce. Ta hannu, wadda aka ciro daga wata mota, tana da sauƙin kuɗi, amma ita ma shekarunta ɗaya da wadda ta mutu. Na uku shi ne a yanko tsohuwar tayar babbar mota a cusa. Wannan yakan fitar da direba kunya a ranar kasuwa, sai dai robar taya ta cika tauri kuma ba ta manne da ƙarfe, don haka karkarwa takan wuce ta sassauta wasu notocin. Mafi muni shi ne a yi wa kujerar walda gaba ɗaya, domin ƙarfen jikin mota ne zai riƙa tsagewa. Hausawa dai sun ce araha ba ta ado.

7.0 Kammalawa

An ga cewa kujerar inji tana ɗaukar nauyi, tana shanye karkarwa, tana hana inji murɗawa, kuma zafi da baƙin mai da mugunyar hanya ne suke kashe ta. An kuma ga cewa canza ta ba ya bukatar manyan na'urori, illa bin tsari: a tallafe inji, a cire kujera ɗaya-ɗaya, a kula da fuskar bushin, a ƙulle notoci bayan inji ya zauna. Ana shawartar ɗalibi ya ziyarci garejin da ke kusa da shi, ya rubuta sunayen da ake kiran waɗannan kaya, ya ware waɗanda aka aro daga Ingilishi da waɗanda aka aro daga Faransanci, sannan ya tattara kalmomin amsa-kama da direbobi suke siffanta ƙarar mota da su.