Jinin da Ba Ya Tsayawa: Ciwon Himofiliya da Inda Ake Samun Taimako

Idan hunturu ya kama a ƙasar Kazaure, Roni, Gwiwa da Babura, lokacin kaciyar yara ya zo ke nan. Yawancin yara kan warke cikin 'yan makonni. Amma jefi-jefi akan sami yaron da jininsa zai yi ta tsiyaya kwana da kwanaki, a sa magani a ɗaure, ya tsaya, can kuma ya dawo. Sau da yawa akan ɗora laifin a kan askar wanzami ko a ce sammu ne, alhali kuwa matsalar tana cikin jinin yaron tun daga haihuwa. Likitoci suna kiran wannan ciwo himofiliya.

Jinin ɗan Adam yana ɗauke da wasu sinadarai da ke sa shi daskarewa a bakin rauni, kuma masana sun ba kowannensu lamba. Suna aiki ne bi da bi, wannan ya tayar da wancan, har a sami gudan jinin da zai toshe wurin. Wanda ya rasa sinadari na 8 yana da himofiliya A, wadda ta fi yawa, don ana samunta a wajen ɗa namiji 1 cikin 5,000. Wanda ya rasa na 9 kuwa yana da himofiliya B.

Ciwon gado ne, kuma ta wajen uwa yake zuwa wa ɗa namiji. Ƙwayar gadon tana kan kuromosom X. Mace tana da X biyu, in ɗaya ya sami tangarɗa ɗayan zai rufa masa asiri. Namiji kuwa guda ɗaya gare shi, daga mahaifiyarsa. Saboda haka tambayar da ta kamata kafin a kira wanzami ita ce: a cikin kawunnan yaro da 'ya'yan 'yan'uwan mahaifiyarsa mata, akwai wanda ya taɓa zubar da jini fiye da kima? Tambayar ta shafi cire beli da tsaga da ƙaho ma. Sai dai kusan kashi ɗaya cikin uku na masu ciwon ba a san shi a danginsu ba. Tun ƙarni na 10, likitan Andalus Abul Ƙasim al-Zahrawi ya ba da labarin wasu mazaje da ke mutuwa saboda zubar jini daga ƙaramin rauni.

Zubar da ido ba ya gani ita ta fi ɓarna. Jini kan taru a gwiwa ko gwiwar hannu ko idon sawu, gaɓar ta kumbura ta yi zafi, in abin ya yi ta maimaituwa sai ta sanƙare. A ƙasar da sikila ta yi yawa, cikin sauƙi akan ɗauki wannan kumburi a matsayin nata. Gwajin jini ne kaɗai ke raba gardama. Yaran da ke wanka a madatsun ruwa kuma su kiyayi tsargiya, domin tana ƙara wa mai himofiliya fitsarin jini.

Maganin shi ne a mayar wa jini sinadarin da ya rasa ta allurar jijiya. Yana da tsada ƙwarai, shi ya sa gudummawa ke da muhimmanci. Ƙungiyar Himofiliya ta Duniya, wadda Frank Schnabel ya kafa a 1963, tana aika shi kyauta zuwa ƙasashe masu tasowa, har da Nijeriya. A gida kuma akwai Gidauniyar Himofiliya ta Nijeriya, wadda Megan Adediran ta kafa a 2005, tana haɗa iyalai da cibiyoyin magani. Mutumin Roni ko Gwiwa zai iya farawa da Babban Asibitin Kazaure, ya nemi takardar tura shi sashen cututtukan jini na Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano. A ranar 17 ga Afrilu ta kowace shekara ake wayar da kai game da ciwon.

Malamin makaranta yana da nasa aikin. Ɗalibi mai wannan ciwo ba a yi masa bulala, ba a kuma tilasta masa dambe ko ƙwallo. In ya bugu, a kwantar da gaɓar, a sa ƙanƙara cikin tsumma, a naɗe, a ɗaga ta sama. Kada a ba shi asfirin, sai farasitamol. Bugun kai kuwa, ko da ba a ga jini ba, asibiti za a nufa da shi nan take.