Mazubin Roba a Masana'antun China: Gaskiya ko Jita-jita?

Bokiti da kujerar roba da murfin kwalba duk daga mazubi suke fitowa, wato ƙarfen nan mai rami da inji ke ɗura wa narkakkiyar roba. Galibi a China ake ƙera mana shi, a Huangyan ko Dongguan, a bar shi can ana buga mana kaya. Rigima takan taso ne ranar da muka ce za mu ɗauko shi.

"Tunda na biya kuɗinsa, nawa ne"

Ba kullum ba. Masana'antu da yawa kan sassauta kuɗin ƙira, su fanshe a kan kayan da za su riƙa bugawa. Idan muka so kai aikin wani wuri, sai su nemi ciko ko su riƙe mazubin. Mun saba da cinikin amana, inda magana da rasit suka wadatar, shi ya sa wannan fahimta ta zauna mana. Abin da ke kare mu shi ne yarjejeniya a rubuce, har da Sinanci, mai bayyana wanda ya mallaki mazubin, da lambarsa, da haƙƙin ɗaukarsa tare da zanensa.

"Kowane inji zai ɗauke shi"

Mazubin da aka yi don zama a masana'anta ɗaya, da injinta aka auna shi. A Sharada ko Challawa ana iya tarar da ya fi faɗin da ke tsakanin sandunan inji, ko ƙarfin matsewar bai kai ba. Ko ya hau, sai an sake saita zafi da matsi da lokacin hucewa.

"Ai ƙarfe ne, ba ya tsufa"

Nauyinsa ne ke ruɗinmu. Da yawan bugu ake lissafa ransa: a tsarin masana'antun Amurka, aji na 101 ya haura bugu miliyan 1, aji na 104 kuwa bai kai 100,000 ba. Robar PVC tana fitar da iskar da ke cin ƙarfe. Abin da ya fi ban takaici shi ne ruwan da aka manta a hanyoyin sanyaya shi, domin makonnin da zai yi a teku kafin ya sauka Legas sun isa tsatsa ta kama shi.

Kafin a rufe akwati, mu tabbatar an busar da shi, an shafe shi da man hana tsatsa, an kuma haɗo mana takardar saitin inji da samfurin bugun ƙarshe.