Ruwan Yau da Ruwan Mako Mai Zuwa

Idan ruwan shuka ya sauka a ƙasar Kaura Namoda, mutum biyu ne hankalinsu ba ya kwanciya. Na farko manomi, wanda irinsa ƙidayayye ne, in ya binne shi ruwa ya ɗauke, ya yi hasara. Na biyu falke mai gero a rumbu, yana shawara ko ya kai kasuwar Shinkafi ran Alhamis, ko kuwa ya dakata sai tsada ta zo. Tambayarsu ɗaya ce: ruwan da aka yi yau, labarin kwana nawa yake bayarwa?

Ma'abota hisabi sun ba da jawabi. Kowace rana ta damina hali biyu gare ta, ko ruwa ko rashinsa, an kuwa lura ranar ruwa ta fi son bin 'yar'uwarta. To, a ƙaddara misali, ba ƙidayar wani gari ba. A ce in an yi ruwa yau, rabon a yi gobe rabi ne. In ba a yi ba, rabon ya koma rubu'i. Wanda ya saba da raba gado ba zai sha wuya a nan ba.

Tazarar da ke tsakanin rabi da rubu'i ita ce iyakar abin da yau ta sani game da gobe, watau ɗaya cikin 4. Jibi tazarar ta ragu zuwa ɗaya cikin 16, gata ɗaya cikin 64. Kafin mako ya kewayo ta ɓace, rabon ya tsaya cik a kan sulusi, ko da ruwa aka fara ko da rana. Dalilin sulusin nan a fili yake. Cikin kwana 30 a ba ruwa 10, rashin ruwa 20. Rabin goman, watau 5, rana za ta biyo su. Rubu'in ashirin, shi ma 5, ruwa zai biyo su. Abin da ya fita daidai da abin da ya shiga, ma'auni ya zauna. Saboda haka falken da ya karya farashin geronsa domin hadarin dare ɗaya ya yi gaggawa, gama hadarin nan shaidar kwana biyu ko uku kaɗai gare shi.

Wanda ya kafa wannan babi wani malamin lissafi ne na ƙasar Rasha, Andrei Markov, a 1906. Kafinsa akwai masu cewa ba a samun tsayayyen rabo sai in abubuwa ba su da alaƙa da juna, shi kuwa ya nuna ba haka ba ne. A 1913 ya ɗauki littafin waƙa na Pushkin, ya ƙidaya haruffa 20,000 da hannu, yana duba abin da ke bin baƙi da abin da ke bin wasali (su a rubutunsu wasali harafi ne mai zaman kansa a cikin layi). Ya sami wasali 8,638, ya kuma tarar baƙi ya fi jan wasali nesa ba kusa ba, amma duk da haka rabon ya tsaya wajen 43 cikin 100. Daga baya aka kai hisabin ga ruwan sama. Gabriel da Neumann sun gwada shi da ruwan Tel Aviv a 1962, Stern kuma da littafin ruwan Samaru ta Zariya a 1980.

Amma fa akwai sharaɗi, kuma nan ne masu garaje ke tuntuɓe. Rabon ba ya tsayawa sai ƙa'idar sauyin ta tsaya. Ƙa'idar Mayu daban take da ta Agusta, shi ya sa a aikin Samaru aka bar rabon yana hawa da sauka tare da kwanakin damina, kamar yadda malamai ke raba ta bisa taurari, kowane da kwanakinsa. Shekara ma tana saɓa wa shekara. A farin 1973 da na 1984 ƙa'idar kanta ce ta sake, manoman Zurmi da Shinkafi da suka yi shuka bisa rabon da suka gada suka ga gero ya bushe a tsaye.