Gawo, bagaruwa da furannin damina: yadda ake tsara lambun gida a Haɗejiya

Yawancin hotunan lambu da ke yawo a intanet daga Turai da Amurka suke fitowa, kuma cikin itatuwan da suka fi ɗaukar ido akwai wanda ake kira mimosa, mai ƙananan ganye kamar gashin tsuntsu da fure mai laushi kamar auduga. Itatuwa biyu suka fi amsa wannan suna a can. Ɗaya asalinsa Ostareliya ne, furensa rawaya, shi ne ake bai wa mata a Italiya ranar 8 ga Maris. Ɗayan ya fito daga Asiya, tsakanin Iran da Sin, furensa ruwan hoda. Dukansu sun saba da yanayin da ya fi na ƙasar Hausa sanyi, don haka wanda ya kashe kuɗi ya yi odar irinsu zuwa Haɗejiya yana iya yin asarar kuɗin da wahalarsa.

Sai dai dangin mimosa ba baƙi ba ne a kwarin Kogin Haɗejiya. Gawo da bagaruwa da dakwara da farar ƙaya da ɗorawa da kirya duk 'yan wannan dangi ne a wurin masana tsirrai. Ganyensu iri ɗaya ne, furanninsu ƙanana ne masu tattaruwa wuri guda, 'ya'yansu kuma a cikin kwanso suke kamar wake. Yawancinsu suna da wasu ƙwayoyin halitta a saiwoyinsu da ke jawo sinadarin naitirojin daga iska su ajiye a ƙasa, abin da ke ƙara mata ƙarfi ba tare da takin zamani ba. Abin da ya rage ga mai gida shi ne sanin wanne ya dace da filinsa.

A Haɗejiya ruwa ne ke yanke wannan hukunci. Ruwan sama yana sauka ne tsakanin Yuni da Satumba, kusan milimita 600 a shekara, sauran watannin kuma rani ne, inda zafi ke haura digiri 40 a Afrilu da Mayu. Ga kuma kogin, wanda ke samun ruwansa daga Kogin Kano da Kogin Calawa. Tun bayan kammala madatsar Tiga a 1974 da ta Calawa a 1992 tafiyar ruwan ta sauya, ciyawar kacala ta toshe hanyoyinsa a wurare da dama, kuma ambaliya irin ta 2020 da 2022 ta cinye gonaki da gidaje a Auyo da Kirikasamma da Guri da kewayen Haɗejiya. Ke nan itacen lambu a nan dole ya jure ƙishirwar wata takwas, a wasu unguwannin kuma ya jure tsayuwa cikin ruwa na makonni.

Gidan da ke kwari, mai ƙasar laka da ruwa ke kwanciya, bagaruwa ce ta fi dacewa da shi. Tana iya yin watanni saiwarta na cikin ruwa ba ta mutu ba, shi ya sa ake ganin ta a bakin fadamu har zuwa dausayin Baturiya. Furenta rawaya ne, dunƙule, mai ƙamshi da ke jawo zuma, 'ya'yanta kuma da su majema ke jima tun zamanin da fatun Kano da Sakkwato ke ƙetare Sahara. Gidan da ke kan tudu mai rairayi, irin ƙasar da jihar ta samo sunanta daga gare ta, dakwara ce tasa. Ba ta da girma sosai, ba ta son ruwa ya kwanta mata, kuma ita ce ke ba da ƙaro mafi daraja a kasuwa.

Gawo kuwa yana da wata ɗabi'a da ta bambanta shi da sauran itatuwa. Yana zubar da ganyensa idan damina ta kama, ya sake tofowa idan ruwa ya ɗauke. Saboda haka yana ba da inuwa a bazara lokacin da ake matuƙar buƙatarta, da damina kuma ya bar rana ta isa ga abin da aka shuka a ƙarƙashinsa, ganyen da ya zubar ya zama taki. Manoman Maraɗi da Damagaram a Jamhuriyar Nijar sun dogara da wannan ɗabi'a wajen farfaɗo da gonakinsu tun daga shekarun 1980. Irin wannan amfani zai yi wa furannin damina. Amma gawo babban itace ne mai nisan saiwa, sai gida mai faɗin fili, kuma a nisanta shi daga katanga da rijiya da masai da kamar mita goma. Dukan ukun suna da ƙaya, don haka ba a dasa su a hanyar yara, kuma ana sassabe rassan ƙasa tun suna ƙanana. Mai neman inuwa marar ƙaya yana iya neman albiziya a wurin masu rainon itatuwa, wadda ita ma 'yar dangin ce kuma ta daɗe a titunan biranen arewa.

Ƙwayar waɗannan itatuwa tana da tauri, kuma idan aka binne ta haka nan takan daɗe ba ta tsiro ba. Ana zuba mata ruwan da aka sauke daga wuta a bar ta ta kwana a ciki, ko a ɗan kankare gefenta da wuƙa. A shuka a leda cikin Maris ko Afrilu, a ajiye a inuwa ana ba da ruwa, sannan a dasa a ƙarshen Yuni ko cikin Yuli idan ruwa ya zauna. Kada dashen ya wuce wata huɗu a leda, domin uwar saiwar takan naɗe, itacen ya tsumbure. A shekarar farko awaki da gara ne manyan abokan gaba. Shingen ƙaya ko tsohon kwando yana kare dashen daga awaki, taki kuma sai wanda ya ruɓe sosai, domin ɗanye yana kiran gara.

Game da furanni, abin da Turawa ke kira furannin lokacin zafi ba a bazarar Haɗejiya ake shuka su ba, domin zafin Afrilu ya fi ƙarfin yawancinsu. Lokacinsu a nan biyu ne: farkon damina, da kuma Oktoba zuwa Nuwamba ga mai ruwan ban-ruwa, inda sanyin hunturu ke sa su daɗe. Ziniya da marigol, waɗanda asalinsu Meziko ne, suna fure cikin kamar wata biyu daga shuka, kuma ana iya tara irinsu don baɗi. Bogenbiliya, mai hawa katanga, ta fi yin fure da rani idan aka rage mata ruwa. A cikin na gida akwai lalle, wanda ke yin shinge mai kyau da fure mai ƙamshi, da yakuwa da ke ƙawata lambu ta kuma ba da soɓo, da kariya mai jan fure wadda ke jure fari. Ruwan jikin kariya guba ne, saboda haka a nisanta ta daga yara da dabbobi.

A ƙasar laka, ruwan da ya kwanta kwana biyu ya isa ya ruɓar da saiwar waɗannan furanni. Maganin shi ne a tayar da kunya mai tsayin kamu ɗaya ko fiye, a gauraya lakar da rairayi da taki, a buɗe wa ruwa hanyar fita. A unguwannin da ambaliya ke shiga, tukwanen ƙasa da tsofaffin bokitai da aka huda ƙasansu sun fi, domin ana iya ɗauke su zuwa tudu. Ban-ruwa da sassafe ko da yamma ake yi, a rufe gindin shuka da ɓuntun shinkafa ko busasshiyar ciyawa don rage ƙafewa. Idan farin gishiri ya fara bayyana a saman ƙasa, a riƙa ba da ruwa mai yawa jefi-jefi maimakon yayyafi kullum, domin ya wanke gishirin zuwa ƙasa.

Jigawa tana cikin jihohi 11 da ke aikin Babbar Katangar Itatuwa ta Afirka, wadda Tarayyar Afirka ta amince da ita a 2007, kuma dangin gawo da dakwara suna cikin itatuwan da ake dasawa. Ɗan kasuwa ko ma'aikacin da ya raya itace ɗaya a gidansa ya sa hannu a wannan aiki, ya kuma rage wa iyalinsa zafin ɗaki. Abin da ya kamata ya fara yi kafin ya sayi dashe shi ne ya lura da inda ruwa ke kwanciya a tsakar gidansa cikin watan Agusta.