Karkarwar Birkin Mota: Dalilanta da Hanyoyin Magance Ta

Gabatarwa

Birki shi ne abin da direba ya dogara da shi wajen rage gudun mota ko tsayar da ita. Daga cikin matsalolin da kan same shi akwai karkarwa, wato direba ya taka birki ya ji yana harbin tafin ƙafarsa kamar bugun jijiya, wani lokaci har sitiyari ya kama girgiza. Direbobi da dama kan yi biris da ita tun da mota tana tsayawa, alhali kuwa tana rage wa direba iko da motarsa a daidai lokacin da ya fi bukatarsa. A nan za a yi bayanin abin da ke haddasa ta, da yadda ake gano ta, da kuma yadda ake gyara ta.

Yadda Birki Yake Aiki

A yawancin ƙananan motoci, kowace ƙafar gaba tana ɗauke da faifan ƙarfe mai juyawa tare da taya, wanda kanikawa ke kira dis. Idan aka taka birki, man birki sai ya tura takalman birki guda biyu, wato fad, su matse faifan ta kowane gefe. Wannan goga ita ke rage gudu, kuma tana haifar da zafi mai tsanani. Saboda haka, muddin ana son birki ya kama lami lafiya, wajibi ne kaurin faifan ya zama ɗaya a duk kewayensa.

Dalilan Karkarwa

An saba cewa faifai ne ya lanƙwashe, amma galibi abin da ya faru shi ne kaurinsa ya bambanta daga wuri zuwa wuri. Duk sa'ad da ɓangare mai kauri ya ratsa tsakanin takalman sai ya ture su baya, su kuma su ture mai, man ya harbi ƙafar direba. Bambancin da bai kai kaurin silin gashi ba ya isa ya jawo haka.

Abubuwa uku ne suka fi haddasa wannan. Na farko, tsatsa ko datti a mazaunin faifai, wanda kan sa ya zauna a karkace, ya riƙa gogar takalmi ta gefe guda har wurin ya siɗe. Na biyu, ɗaure notinan taya barkatai, wani tamau wani sako-sako. Na uku, zafi. Direban da ya sauko gangare mai tsawo irin na Hawan Kibo, a kan hanyar Jos zuwa Akwanga, da kaya niƙi-niƙi yana danne da birki, in ya tsaya bai ɗaga ƙafa ba, ɓurɓushin takalmi kan manne wa faifan a wuri guda.

Gano Matsalar

Mataki na farko shi ne gwaji a kan hanyar da babu cunkoso. Idan sitiyari ne ke girgiza yayin taka birki, akasari matsalar tana ƙafafun gaba. Idan kuwa a kujera aka fi jin ta, sai a duba na baya. Girgizar da ake ji ko ba a taka birki ba, ta taya ce ko ta wani sashe dabam. Haka nan, mota mai na'urar ABS, wadda ke hana taya cijewa, takan harbi ƙafa idan aka taka birki da ƙarfi a kan santsi ko yashi. Wannan aikinta ne, ba lalacewa ba.

Mataki na biyu shi ne awo. Bakanike zai cire taya ya auna kaurin faifai a wurare kamar 8 a kewayensa, sannan ya juya shi a gaban agogon awo don ganin karkacewarsa. A motoci da yawa, karkacewar da aka yarda da ita ba ta wuce kimanin milimita 0.05 ba. Zai kuma duba boris, domin idan ya yi lako-lako yakan sa faifai rawa.

Gyara

Idan faifai yana da sauran kauri, ana iya fere fuskarsa da inji. Sai dai kowane faifai yana da iyakar kaurin da masana'anta suka rubuta a jikinsa; wanda zai gaza wannan iyaka, canji ne maganinsa. Akan canza na dama da na hagu tare, a kuma sa sababbin takalma. Kafin a ɗaura, a kankare tsatsar mazauni tas, a tabbatar takalman suna sakin faifai bayan an ɗaga ƙafa. A ɗaure notina a gicciye, wato daga wannan zuwa na daura da shi, da sifana mai auna ƙarfi, gwargwadon abin da littafin motar ya ƙayyade. Daga nan sai a yi ta taka birki a hankali sau da yawa, ana barin sa yana hucewa, har takalman su zauna daidai.

Kammalawa

Daga bayanan da suka gabata, za a fahimci cewa canza faifai kaɗai ba ya kashe wannan cuta. In ba a kawar da tushenta ba, za ta dawo bayan 'yan watanni. Tsabtace mazauni, da ɗaure noti bisa ƙa'ida, da saukowa gangare da ƙaramar giya, su ne rigakafin da Hausawa ke cewa ya fi magani.